Hodar Tona da Dutsen Guga: Yadda Ake Ɗauke Zane Daga Takarda Zuwa Katako da Tagulla

Ɗalibai da dama sun taɓa gamuwa da wani abin mamaki ba tare da sun tsaya neman dalilinsa ba. Mutum zai yi fotokwafin takardar shaidarsa, ya zura ta cikin jakar roba irin wadda ake adana takardu, ya ajiye a akwati. Bayan bazara ta wuce, in ya zo zaro takardar sai ya ji ta manne, in ya ɓamɓaro ta kuwa sai ya tarar da inuwar rubutun kwance a jikin robar, harafi bi harafi. Me ya sa wannan rubutu ya yi ƙaura daga inda aka buga shi?

Dalili shi ne, abin da injin fotokwafi da firintar leza ke rubutu da shi ba tawada ba ce irin wadda aka sani. Wata hoda ce ta roba da masu shagunan kwamfuta ke kira tona, wadda zafi ya narkar ya liƙa a bisa takarda. Tun da zafi ne ya liƙa ta, zafi na iya sake ɗaga ta ya kai ta wani wuri. A kan wannan ɗabi'a masu ƙere-ƙere suka gina wata dabara mai arha ta ɗauke zane daga takarda zuwa katako ko ƙarfe. Dabarar tana da amfani ga makarantun da ba su da wadatattun kayan gwaji, tana kuma da haɗarin da ya wajaba malami ya sani kafin ya gabatar da ita ga ɗalibai.

Asalin Busasshen Rubutu

Wanda ya ƙago wannan hanya ta bugu wani Ba'amurke ne mai suna Chester Carlson, wanda ya karanci kimiyyar fizis, ya kuma yi aiki a ofishin rajistar ƙere-ƙere, inda kwafe takardu da hannu ya gundure shi. Ranar 22 ga Oktoba, 1938, a unguwar Astoria ta birnin New York, shi da mataimakinsa Otto Kornei suka shafa farar wuta a kan farantin tutiya, suka goge shi da hankici a cikin duhu har ya ɗauki caji, suka ɗora gilashi mai rubutu a kansa, sa'an nan suka haska shi da fitila. Da suka barbaɗa wata hoda a kan farantin sai rubutun ya fito. Abin da ke rubuce kuwa shi ne kwanan watan da sunan unguwar. Wannan ya faru ne watanni kaɗan kafin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta farko a Zariya, cikin Janairun 1939.

Abin da zai ba ɗalibin kimiyyar halittu sha'awa shi ne, hodar da suka barbaɗa daga tsiro aka samo ta. Ƙwayoyin iri ne na wani ɗan tsiro mai suna Lycopodium, wanda ba ya fure, yana yaɗuwa ne ta hanyar sakin wani gari mai laushi. Wato kakan tona na farko ɗan tsiro ne.

Kamfanoni fiye da 20 suka ƙi karɓar ƙirƙirar Carlson. Sai a 1944 Cibiyar Battelle ta amince ta taimaka masa, a 1947 kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Haloid ya sayi izinin amfani da ita. Aka laƙaba wa hanyar suna zirogirafi, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar busasshen rubutu. A 1959 kamfanin ya fitar da injin Xerox 914 wanda ya samu karɓuwa ƙwarai, har kamfanin ya sauya sunansa zuwa Xerox a 1961. Wani ma'aikacinsa, Gary Starkweather, shi ya kawo shawarar a 1969 cewa a riƙa rubutun da hasken leza kai tsaye daga kwamfuta, ya kuma haɗa na'ura mai aiki a 1971. Firintar leza ta kan tebur ta soma yaɗuwa a ofisoshi bayan fitowar LaserJet ta kamfanin Hewlett-Packard a 1984.

Abin da ke Faruwa a Cikin Na'urar

Duk wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa lokacin hunturu ya ga yadda yake ɗaukar 'yan gutsattsarin takarda, ko ya ji ƙarar tartsatsi a jikin bargo cikin dare, to ya riga ya san ƙarfin da firintar leza ke aiki da shi, wato cajin lantarki da ke kwanciya a bayan abu. A cikin na'urar akwai wata ganga mai juyawa wadda aka shafe da sinadari mai ɗabi'a ta musamman: a cikin duhu yana riƙe caji, in haske ya taɓa shi kuwa sai ya sake shi.

Da farko akan baza caji a jikin gangar baki ɗaya. Sai hasken leza ya bi ta kanta layi-layi yana kunnuwa yana mutuwa, yana kawar da cajin a duk inda ake son baƙi ya fito. A nan an sami rubutu a jikin gangar, amma ido ba ya ganinsa. Daga nan sai gangar ta gitta ta kusa da tona, wadda ita ma tana ɗauke da caji, sai hodar ta maƙale a wuraren da hasken ya taɓa kaɗai. Takarda na zuwa, sai a ba bayanta caji kishiyar na hodar, hodar ta bar ganga ta koma kanta. A wannan mataki ko hura takardar aka yi rubutun zai watse. Saboda haka sai ta ratsa tsakanin wasu gammaye biyu masu matsi, ɗaya daga cikinsu da zafin da kan kai kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Hodar ta narke ta kama takarda. Wannan ne ya sa takarda ke fitowa da ɗumi.

Tona da Tawadar Allo

Ƙwayar tona ɗaya ba ta wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, ita kuwa maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita. Wato girmanta ya yi daidai da na jar ƙwayar jinin ɗan Adam, wadda faɗinta ke tsakanin maikuromita 7 zuwa 8. Mafi yawan jikin ƙwayar roba ce, sai sinadarin launi, sai ɗan kakin da ke hana ta manne wa gammon zafi. Baƙar tona tana samun launinta daga kabon, ɗan'uwan baƙin tukunya, a wasu kuma daga garin ƙarfe mai jin maganaɗisu.

Almajirin da ke haɗa tawadar allo ya san wannan tsari, ko da bai san sunansa ba. Shi ma abu biyu yake haɗawa: gawayi ko baƙin tukunya domin launi, da ƙaro domin ya riƙe launin a jikin allo. Ƙaro kuwa, wanda ake samu daga itatuwa irin su dakwara, yana narkewa a ruwa, shi ya sa ake wanke allo a sake rubutu. Robar tona ba ruwanta da ruwa, amma tana laushi in ta ji zafi, ko in ta haɗu da sinadarai irin su asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce. Ita ma jakar robar da aka ambata da farko tana ɗauke da wani sinadarin da ke sa ta laushi, shi ne ke ratsawa ya jiƙa tonar sannu a hankali, zafin bazara kuma ya ƙara masa sauri.

A nan ne bambanci yake tsakanin firintar leza da firinta mai feshin tawada. Ta biyun ruwan launi take fesawa, ya shige cikin zaren takarda kamar yadda baba ke shiga zaren tufafi. Abin da ya shige ba ya ɗaguwa da dutsen guga. Don haka duk wanda zai gwada wannan aiki sai ya tabbatar bugun leza ne ko na fotokwafi aka yi masa.

Yadda Ake Ɗauke Zanen

Sharaɗi na farko shi ne a buga zanen a juye, kamar yadda ake ganin rubutu a madubi, domin za a kifa takardar ne. Masu sassaƙa hatimi ma a juye suke yanka haruffa, saboda wannan dalili. Sharaɗi na biyu shi ne irin takardar. Takardar rubutu ta yau da kullum cike take da ramuka tsakanin zarenta, narkakkiyar tona kan shige ta riƙe su gam. Takarda mai sulɓi irin ta kalanda ko mujalla kuwa an shafe ta da wata irin farar ƙasa mai laushi, sai tonar ta zauna a kan shafen, ba ta kai ga zaren ba. Irin wannan ake so.

Idan katako ne, a zaɓi mai hasken launi, a goge shi da samfefa har ya yi sumul, a kakkaɓe ƙurar. A kifa takardar a kansa, a riƙe gefenta da salatif don kada ta goce, a danna dutsen guga mai zafin gugar auduga na tsawon minti biyu zuwa huɗu, ana bin kowane lungu, musamman gefe-gefe. Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar wuta: a jiƙa auduga da asiton kaɗan, a shafa a bayan takardar, a murza da bayan cokali, a ɗaga kafin ta bushe. Zanen da ake samu ta wannan hanya bai kai na guga baƙi ba, amma yana karantuwa.

Idan ƙarfe ne, sai an ƙara kula da tsabta. A goge fuskarsa da soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, a share da asiton, kada kuma a sake taɓa ta, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana tona kamawa. Bayan guga a bar shi ya huce, a tsoma shi a ruwa kamar minti goma, sa'an nan a murje takardar da babban yatsa a hankali. Abin da ke faruwa a nan darasi ne na kimiyyar halittu. Takarda daga selulos aka yi ta, wato sinadarin da ke gina bangon ƙwayoyin tsiro, shi kuwa selulos yana shan ruwa, zarensa ya kumbura ya saki juna. Roba ba ta shan ruwa. Saboda haka takarda ta tafi, zane ya zauna.

Wanda ba shi da lantarki na iya amfani da dutsen guga na gawayi, sai dai shi ba a iya daidaita zafinsa. In zafi ya yi kaɗan, tonar ba za ta kama ba. In ya yi yawa ko an cika dannawa, sai ta malale, layukan da ke kusa da juna su haɗe. Sai an gwada a kan guntaye kafin a taɓa na ainihi.

Daga Ƙunshi da Rini Zuwa Allon Lantarki

Inda wannan dabara ta fi suna a duniya shi ne wajen yin allon lantarki, wato farantin nan da ke cikin rediyo ko wayar hannu, wanda masu gyara ke kira fanel. Wani injiniya haifaffen Ostiriya, Paul Eisler, shi ya fara amfani da irinsa a cikin rediyo a Ingila wajen 1936. Allon yakan zo da shimfiɗar tagulla mai kaurin kimanin maikuromita 35 a fuskarsa. Aikin shi ne a cinye tagullar duka, a bar siraran hanyoyin da lantarki zai bi.

Hikimar da ake bi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai ƙunshi takan yanka salatif ta liƙa a hannu kafin ta ɗora lalle. Sinadarin launin da ke cikin ganyen lalle yana kama furotin ɗin fata a duk inda ya taɓa, inda salatif ya rufe kuwa sai ya fito fari. Haka marinan Ƙofar Mata a Kano ke ɗaure yadi da zare kafin su tsoma shi a karofi, baba ya kama ko'ina ban da inda ɗaurin ya matse. A allon lantarki, tona ita ce salatif, ruwan sinadarin ferik kulorayid kuma shi ne lalle, sai dai shi cin ƙarfe yake yi maimakon rina shi. Malaman kemistiri za su gane lissafin:

Cu + 2FeCl3 → CuCl2 + 2FeCl2

Ma'ana, tagulla ta narke ta shiga cikin ruwan. Inda tona ta rufe, sinadarin ba ya isa. Kafin a tsoma allon, a duba layukan da kyau, in akwai inda ya yanke a cike da alƙalamin maka mai tawadar da ba ta wankuwa. A sa shi a mazubin roba, ana ɗan girgizawa. Aikin kan ɗauki kwata zuwa rabin awa, ya fi sauri in ruwan na da ɗumi. Da zarar tagullar da ke fili ta ƙare, a cire, a ɗauraye, a goge tonar da asiton, sai hanyoyin su bayyana suna ƙyalli, a huda ramukan da ƙafafun kayan lantarki za su shiga.

Amfaninta ga Makarantar Karkara

Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a Nijeriya a 1982 ya shigo da darasin fasaha a ƙananan makarantun sakandare da nufin ɗalibi ya koyi aiki da hannunsa. Amma darasin kimiyya a makarantu da yawa ya tsaya a bakin allo saboda tsadar kayan gwaji, ɗalibi ya haddace sunan abin da bai taɓa riƙewa ba. Gani kuwa ya kori ji.

A ɗauki misalin makaranta a Ƙaramar Hukumar Dutsi, a shiyyar Daura ta Jihar Katsina. Ba sai makarantar ta mallaki firinta ba. Shafi ɗaya da aka buga a shagon kwamfuta, a garin ko a Daura ko Mashi, zai ɗauki zane da yawa. Dutsen guga akwai shi a gidaje, guntayen katako akwai su wurin kafinta. Allon tagulla da sinadarin ne kawai sai an nemo daga masu sayar da kayan lantarki a manyan birane irin su Kano. Da waɗannan ƙungiyar JETS ta makaranta za ta iya haɗa 'yar fitila mai batir, ko na'urar da ke ƙara in tankin ruwa ya cika.

Malamin kimiyyar halittu ma yana da rabonsa, ba tare da ya taɓa sinadari mai ci ba. Itatuwan da ke harabar makaranta da gonakin gero da ke kewaye da ita ɗakin gwaji ne da ba a saya da kuɗi ba. Ɗalibai na iya yi wa kowace bishiya allon suna na katako mai ɗauke da sunanta na Hausa da na kimiyya: kuka, Adansonia digitata, tsamiya, Tamarindus indica, aduwa, Balanites aegyptiaca, bedi, wadda wasu ke kira darbejiya, Azadirachta indica, gawo, Faidherbia albida. A ƙarƙashin sunan a ƙara bayani guda, alal misali cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa ba ya tare wa amfanin gona rana. A shafa wa allon man fanis domin kare shi daga ruwa, a kafa shi a kan turke nesa da gara gwargwadon hali. Kada a buga ƙusa a jikin bishiya, domin rauni a ɓawo ƙofa ce ga cuta.

Har ila yau, aikin kansa gwaji ne na koyon tsarin bincike. A buga zane iri ɗaya sau huɗu a takarda iri ɗaya, a goge na farko minti ɗaya, na biyu minti biyu, har zuwa huɗu, a rubuta sakamako. Washegari a tsayar da lokacin, a sauya takardar. Ɗalibin da ya yi haka ya fahimci dalilin da ya sa mai bincike ke sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Dabarar tana da iyaka. Firinta ta yau da kullum ba ta buga farin launi, don haka zane ba ya fitowa a kan baƙin abu. A kan tufafi kuwa tonar kan tsattsage ta zube bayan 'yan wanki.

Hattara

Rigakafi ya fi magani. Ƙwayoyin da ba su kai maikuromita 10 ba suna iya wuce gashin hanci su shiga hanyoyin numfashi, saboda haka kada ɗalibai su buɗe kwanson tona ko su hura hodar. In ta zuba a tufafi a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi liƙa ta zai yi. Asiton yana kama wuta nan take, tururinsa ma haka, don haka ranar da aka fito da shi ba ranar dutsen gawayi ba ce, a kuma yi aikin a inda iska ke kaɗawa.

Ferik kulorayid yana ƙona ido, yana ɓata fata da tufafi. A sa safar hannu ta roba da tabarau, malami ne kaɗai zai auna ya zuba. Kada a sa shi a kwanon ƙarfe, musamman na alminiyam, domin yana cinsa da zafi da tafasa. Kada kuma a adana shi a kwalbar lemo ko gorar ruwan sha, inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

Babban haɗarin yana cikin ruwan da aka gama aiki da shi, domin cike yake da narkakkiyar tagulla. Jiki na bukatar tagulla 'yar kaɗan, amma in ta yi yawa guba ce. Ƙarfinta ya kai an yi amfani da gishirinta wajen kashe gansakuka a tafkuna da dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya. Kifi ba ya jure ta, tumaki kuwa suna cikin dabbobin da ta fi yi wa illa, domin takan taru a hantarsu har ta kashe su. A garin da mutane da dabbobi suka dogara da rijiya da kududdufi, zubar da wannan ruwa a kwata ko bayan aji ganganci ne. Ruwan yana yin aiki sau da yawa, sai a rufe a ajiye da rubutu a jiki. In ya gaji, a riƙa zuba masa garin kanwa kaɗan-kaɗan a babban bokitin roba, zai yi kumfa, a ci gaba har kumfar ta tsaya. Ƙarafan za su kwanta a ƙasa kamar laka. A bar ruwan ya ƙafe a inda yara da dabbobi ba sa isa, a ƙulle busasshiyar lakar a mazubi, a nemi shawarar sashen kemistiri na wata babbar makaranta, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, kan yadda za a rabu da ita.

Kammalawa

Dabarar ɗauke zane da tona ta tsaya ne a kan sanin halin abubuwa uku: roba tana laushi da zafi, takarda tana saki a ruwa, tagulla tana narkewa a sinadari in ba a rufe ta ba. Malamin da zai gabatar da ita ya kamata ya fara da katako da sunayen itatuwa, inda babu abin tsoro sai zafin dutsen guga. Sai ɗalibai sun ƙware a wannan, an kuma tanadi safar hannu da tabarau da mazubin ajiye gurɓataccen ruwa, sa'an nan a matsa zuwa tagulla. Makarantar da ba ta shirya wa ruwan ƙarshe wurin zama ba, ba ta shirya fara aikin ba.